Juma'ar da Kuku Ya Je Nema a Salvador

Na yi aikin tuƙi a Riyad a gidan wani dattijo Balarabe mai shigo da kajin ƙanƙara daga Brazil. Lokacin mata ba su fara tuƙi a ƙasar ba, don haka aikin direba ba ya ƙarewa. Da safe in kai jikoki makaranta, in dawo in kai dattijon ofishinsa a unguwar Ulaya, in koma in ɗauki matan gida zuwa kasuwa, in zauna a mota ina jiransu har a rufe shaguna don salla. Dattijon shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a ƙasar, iƙamata, takardar zamana, da sunansa take. Ciwon sukari ya ci ƙafafunsa, a keke yake yawo, kuma ni ke tura shi.

Mu biyu ne Hausawa a gidan, ni da kuku. Kukun mutumin Damagaram ne, ya girme ni, ya kuma riga ni zuwa ƙasar da daɗewa. Girki kam ya iya, ba zan rage masa ba. Kabsarsa, dafa-dukan shinkafa da nama irin na Larabawa, har maƙwabta ke aikowa a zuba musu. Sai dai ba da girki yake alfahari ba. Abin da yake tinƙaho da shi shi ne wai tun da ya balaga sallar Juma'a ba ta taɓa wuce shi ba, ko a gida, ko a hanya, ko yana kwance ba lafiya.

Duk Juma'a bayan la'asar mukan haɗu a unguwar Dira, kusa da tsohon ginin Masmak, a gaban shagon wani mai shayi. Akwai direbobi, da leburori, da masu gadi, da masu sayar da turare. Kujera ɗaya ce mai jingina a wurin, kuma ta kuku ce. Sauranmu a kan dakali muke zama ko a kan kwali. Shi ake fara miƙa wa shayi. In an yi wa wani haihuwa a gida, ko an aiko da labarin rasuwa, shi ake cewa ya ja addu'a. Ba don ilimi ba ne, karatunsa bai wuce nawa ba, ni kuwa a firamare da makarantar dare na tsaya. Wannan Juma'a tasa da ba ta taɓa yankewa ba ita ce jarinsa kaf, kuma yana kashe ta a kan mutane. Waɗanda suka fi shan wuya a hannunsa su ne direbobin manyan motoci masu zuwa Dammam da Jidda. In ɗayansu ya ce Juma'a ta riske shi a hanya, kuma an ɗauke wa matafiyi, sai kuku ya taɓe baki ya ce wannan uzurin malalata ne, wanda ya damu da abu yana nemansa ya samu.

Wata shekara dattijon ya shirya zuwa Brazil ya ga masu yanka masa kaji, sannan ya wuce da iyali hutu wani gari na bakin teku da ake kira Salvador. Ya ce da ni za a je saboda keken, da kuku kuma saboda ba ya cin girkin kowa. Na yi ta zarya zuwa Unguwar Ofisoshin Jakadanci har aka buga mana biza.

Da labarin ya isa majalisa, wani direban tirela ɗan Gusau, wanda kuku ya daɗe yana caccaka, ya yi murmushi ya ce to wannan karon igiya za ta tsinke, don ƙasar nan ban da ƙwallo da rawa bai ji an ce suna yin komai ba. Kuku ya ajiye kofinsa ya ce ko a ƙarƙashin teku aka kai shi sai ya yi Juma'a a bayan liman. Ya nuna ni da yatsa.

"Ga Bakano nan, ba ya wasa, ba ya dariya, ba ya ƙarya. Shi ne shaidata. In mun dawo ku tambaye shi."

Ban nemi wannan matsayi ba, amma tunda an ba ni a gaban jama'a, na karɓa.

Tafiyar doguwa ce. 'Ya'yan dattijon maza biyu sun shiga jirgi da fararen riguna har ƙasa da jan rawani, kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Kafin mu sauka Sao Paulo sun shiga banɗaki ɗaya bayan ɗaya sun fito da gajeren wando da riga mai zanen kwakwa. Uban ya dube su, ya rufe ido, ya ce in gyara masa bargo. Muka gama da harkar kaji, muka hau wani jirgin zuwa Salvador.

Garin a kan tudu yake, teku ta kewaye shi, kuma yawancin mutanensa baƙaƙe ne kamarmu. Wannan ya ba ni mamaki. A Riyad in ka ga baƙar fata a titi ka san aikinsa tun kafin ya yi magana. A can kuwa ɗan sanda baƙi, mai banki baƙi, matar da ke kan tebur a otal baƙa. An ɗaukar wa iyalin mai yi musu jagora, ya zagaya da mu tsohon gari, inda gidaje ke da fenti kala-kala kuma titin duk duwatsu ne, har hannuna ya yi kanta da tura keke. A wani fili ya tsaya ya ce nan ne ake ɗaure bayi a yi musu bulala a da. Babban ɗan dattijon yana mayar mana da maganar cikin Larabci. Mai jagorar ya ce cikin bayin da aka kawo akwai Musulmi masu rubutu da karatu, har da Hausawa, kuma sun taɓa yin bore aka kashe su da yawa. Na tsaya na dubi duwatsun filin nan, na yi musu addu'a a zuciyata.

Kuku rabin maganar kawai ya ɗauka. Ya ji Hausawa, ya ji Musulmi, bai ji an ce a da ba. Daga wannan lokaci duk garin ya zama danginsa.

Abin da ya ƙara masa ƙarfi shi ne ƙosai. A kusurwar filin akwai wata mata mai jiki, da farin buje mai faɗi, da farin ɗankwali, da duwatsun wuya rututu, tana zaune gaban kasko tana suya. Ƙosai ne na wake sosai, ba kama ba. Bambancin kawai shi ne da manja take soyawa, kuma in ta kwashe sai ta tsaga shi ta cusa jatan lande da wata miya mai kauri. Kuku ya je ya durƙusa ya ce, "Iya, sannu da aiki, ina wuni?" Matar ta yi dariya ta faɗi wani abu da yarensu, ta miƙa masa ɗaya. Ya dawo yana gaya mini cewa ta gane, kunya ce kawai ta hana ta amsawa da Hausa a gaban Turawa. Na ce masa kuɗin ƙosan ta faɗa, kuma ni na biya.

Washegari aka je bakin teku, don dattijon ya ce likita ya ce iskar ruwa na da amfani. 'Ya'yansa ma da alama likitan ya rubuta musu, domin tun da muka isa ba mu sake ganinsu ba sai yamma. Ba zan siffanta shigar mutanen wurin ba. Abin da zan ce kawai, yadin da kuku ke ɗaurawa a ƙugu in yana girki zai ishi mutum huɗu a can. Na ajiye keken dattijon a ƙarƙashin laima, na zauna ina kallon jiragen ruwa daga nesa. Kuku ya yi ta istigfari da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya juya wa teku baya ya fuskanci titi. A gabansa akwai wata motar sayar da ruwan kwakwa mai babban gilashi baƙi, kuma gilashin yana nuna duk abin da ke bayansa. Inuwa ta tashi daga wurin, rana ta dake shi, bai matsa ba.

Ranar Alhamis na je wurin ma'aikacin otal na tambaye shi da ɗan Turancina ko akwai masallaci. Ya bincika ya ce akwai wani ƙaramin gida a tsakiyar gari inda Musulmi ke taruwa ranar Juma'a, ba su da yawa, kuma in mun shirya zai yi wa mai tasi kwatance da kansa. Na kai wa kuku wannan labari, na tsara mana yadda za a yi: mu ba dattijo karin kumallo, in yi masa allura, mu yi wanka, mu hau tasi da hantsi, mu isa da wuri. Dattijon ya ce shi matafiyi ne, azahar zai yi a ɗaki, amma mu je. Ya ƙara da cewa kada in rabu da kuku ko taku ɗaya, don in ya ɓata ba wanda zai dafa masa shinkafa.

Da safiyar Juma'a kuku ya leƙa ta taga ya kira ni. Titi cike yake da mutane cikin fararen kaya. Maza da farar riga da farin wando, mata da fararen riguna, tsofaffi da fararen ɗankwalaye. Jiya ba haka suke ba. Ni ma na tsaya ina kallo, ban san dalili ba. Daga baya ne na ji cewa al'adar garin ce, ranar Juma'a suna sa fari don girmama wani abin bautarsu na gargajiya da kakanninsu suka zo da shi daga ƙasar Yarbawa. Shi kuwa kuku ba ya buƙatar a gaya masa komai. Fari ranar Juma'a, a wurinsa, magana ta ƙare.

"Ka gani ko, Bakano? Kai ana ce maka ba su da yawa. Gari guda ne zai tafi masallaci."

Na ce masa mu dai bi tsarin da muka yi, mu hau tasi. Ya ce Musulmi ba ya tambayar wanda ba ya salla hanyar masallaci alhali ga jama'a na tafiya. Ya ce wancan ƙaramin gidan na baƙi ne, shi babban masallacin 'yan gari zai je, wurin jikokin kakanninmu. Ya sa babbar rigarsa fara ta shadda, ya kafa hula, ya fesa turare, ya ɗauki darduma. Umarnin dattijo a kaina yake, sai na bi shi.

Muka tsaya inda wasu tsofaffin mata masu fararen kaya suke jiran mota, suka shiga bas muka shiga. A cikin bas ɗin na fara nuna masa abin da ido ke gani. Na farko, na ce masa maza da mata a cakuɗe suke, kuma hannuwan matan a waje. Ya ce zafi ne, kuma an daɗe ba a zo musu wa'azi ba. Na biyu, na ce ba mai hula ko ɗaya sai mu. Ya ce hula ba farilla ba ce. Na nuna masa wani dattijo da ke kusa da mu riƙe da carbi, na ce ya dubi abin da ke rataye a ƙarshen carbin. Bai duba ba. Ya ce mu Kanawa haka muke, in ba a kasuwa aka auna mana abu ba ba ma yarda da shi.

Bas ta yi ta tafiya da mu har ƙarshen gari, ta tsaya a gindin wani tudu. Jama'a suka sauka suna hawa, muka bi su. A saman tudun akwai babban gini fari mai dogayen hasumiyoyi biyu. Kuku ya riƙe hannuna ya ce in dubi hasumiya, har biyu. Shingen ƙarfen da ya kewaye ginin ba a ganinsa saboda ƙananan ƙyallaye kala-kala da aka ɗaɗɗaure, iska na kaɗa su. Ya ce ragowar adon Mauludi ne.

A bakin ƙofa akwai wani mutum cikin fararen kaya riƙe da damin ganye, mutane na tsayawa a gabansa yana kakkaɓe su daga kai zuwa ƙafa. Kuku ya ce irin masu shafa wa mutane turare ne a ƙofar masallaci, ya shiga layi. Na ja baya na tsaya a gindin wata bishiya inda nake ganin komai. Mutumin ya ga babbar riga da hula, ya rusuna masa sosai, da alama ya ɗauka wani babba ne a harkarsu ya zo daga Afirka. Ya kakkaɓe shi da ganye gaba da baya, ya yayyafa masa ruwa mai ƙamshi, ya watsa masa gugguru a ka. Kuku yana tsaye ya buɗe hannuwa yana cewa amin. Wata mata ta kama wuyan hannunsa ta ɗaura masa shuɗin ƙyalle ta ƙulla. Wasu Turawa masu yawon buɗe ido suka kewaye shi suna ɗaukar hoto, ya gyara tsayuwa.

Sannan ya hau matakala, ya tuɓe takalmansa ya jera su a gefe, shi kaɗai a cikin duk jama'ar nan, ya shiga da ƙafar dama. Bai daɗe ba ƙararrawa ta fara kaɗawa daga hasumiyar.

Ya fito da sauri amma ba da gudu ba, don babbar riga ba ta gudu. Ya sa takalmi ɗaya, ya riƙe ɗaya a hannu, ya iso inda nake. Gugguru na maƙale a hularsa. Ya ce akwai gicciye a ciki, da mutum-mutumi, da kujeru a jere. Na ce na sani, akwai wani gicciyen a saman ginin, tsakanin hasumiyoyin da ya nuna mini. Ya tambaye ni me ya sa ban gaya masa ba. Na ce tun a bas nake gaya masa.

Kafin mu samu tasi, kafin in sa mai tasin ya kira otal a yi masa kwatance, kafin mu ratsa cunkoson gari, rana ta karkata. Kuku ya yi ta cizon ƙyallen hannunsa har ya tsinke shi. Muka isa ƙaramin gidan muka tarar da wani dattijo ɗan Senegal yana naɗe shimfiɗu. Ya amsa sallamarmu da fara'a, ya nuna mana wurin alwala, ya ce da Larabci an idar, jama'a sun watse. Muka yi azahar mu biyu, ni da kuku. Kuku ya ja sallar, muryarsa ƙasa-ƙasa.

A hanyar komawa ya fara aiki a kaina. Ya ce ai niyya ita ce komai, kuma ya fito da niyya. Na ce haka ne, Allah ya ba shi ladan niyya. Ya ce in an tambaye ni a Dira in ce mun je masallaci ranar Juma'a mun yi salla, ba ƙarya a ciki. Na ce in abin da aka tambaye ni ke nan, abin da zan faɗa ke nan. Ya ce in an tambaye ni ko ya samu Juma'a fa? Na ce ya san amsar.

"Haba Bakano, ni fa yayanka ne. Gashin kaina ya yi fari a ƙasar mutane. Kalma ɗaya ce."

"Malam, kai ka tsayar da ni shaida, ba ni na roƙa ba. Ka riga ni faɗa musu da bakinka, ka ce ka ɓata hanya. Ba wanda zai kama ka da laifi, kai matafiyi ne."

Wannan kalma ta matafiyi ita ce ba zai iya furtawa a majalisa ba, kuma mu duka mun san dalili. A sauran kwanakin da muka yi a Salvador na ci naman da ban taɓa cin irinsa ba. Cinyar kaza, ƙirjin rago, kifi mafi girma, duk a farantina kuku ke zubawa. Na ci, na gode masa, ban yi masa alkawarin komai ba.

Juma'ar farko bayan mun dawo Riyad majalisa ta cika fiye da kullum. Kuku ya zauna a kujerarsa ya karɓi shayi. Na ba shi lokaci, ina fatan zai bi shawarata. Sai ya fara ba da labarin gari guda cikin fararen kaya, da ƙosai irin namu, da tsohuwar da ta ji Hausa, da yadda 'yan gari suka karɓe shi a bakin ƙofa suna rusunawa. Ya ce sun yayyafa masa turare. Duk abin da ya faɗa ya faru, sai dai ya cire tsakiyar. Mutane suna ta jinjina kai. Direban nan ɗan Gusau ya bari har ya gama, sannan ya juyo gare ni.

"To shaida, Malam ya samu Juma'a a bayan liman, ko bai samu ba?"

Na ce bai samu ba. Da kuku ya yi shiru a nan, da ni ma na tsaya a nan. Amma ya ce cunkoson motoci ne, kuma ni na ɓata mana lokaci da neman tasi. Tunda ya ɗora mini, sai na ajiye kofina na ba da labarin daga farko, a jere, yadda ya faru: taga, bas, tudu, ganye, gugguru, ƙyalle, takalmi, ƙararrawa. Ban ƙara ko kalma ba, kuma ban yi dariya ba. Sauran ne suka yi. Wani mai gadi ɗan Maraɗi sai da aka riƙe shi. Mai shayin, wanda ba ya jin Hausa, ya leƙo yana tambayar ko lafiya.

Da aka natsu, ɗan Gusau ya ce cikin ladabi ai ba komai Malam, kada ka damu, an ɗauke wa matafiyi. Sauran direbobin tirela suka amsa ɗaya bayan ɗaya cewa ƙwarai kuwa, an ɗauke masa. Kuku ya tashi bai ƙarasa shayinsa ba.

Ya yi makonni bai zo Dira ba. Da ya dawo, kujerar ta zama ta duk wanda ya riga zuwa, addu'a kuma wani tsohon tela ɗan Zariya ke ja, wanda ya yi karatu na gaske amma a da ba a jin muryarsa. Kuku yakan zauna a ƙarshen dakali. Ba a ƙara jin ya yi wa kowa maganar Juma'a ba.

A gida kuwa tukunya a hannunsa take. Daga wannan rana har ya tattara ya koma Damagaram, in an sauke kabsa, rabona ƙanzon gindin tukunya ne da wuyan kaza. Dattijon ya lura na rame, ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Na ce lafiyata ƙalau, na ci gaba da sayen gurasa da wake a shagon 'yan Yaman da ke bakin titi.